Idan Dijonkter Ya Faɗi: Yadda Yake Yanke Wuta Da Kansa, Da Yadda Ake Gano Abin Da Ya Kayar Da Shi

Wata bazara aka kira ni wani gida a unguwar Zango, wai wuta ta ƙi zama. Ina shiga zaure na ɗaga kai wajen konter, wato mitar wuta, sai ga abin da na saba gani. An yanko robar tayar babur an ɗaure hannun dijonkter, an ja ta sama an maƙala a ƙusa. Hannun dijonkter ɗin yana tsaye ƙyam a sama, fankar zaure kuwa ko motsi ba ta yi.

Maigidan dattijo ne, yana zaune kan buzu yana fifita. Ya ce, "Yaro, abin nan ya mutu. Har ɗaure shi muka yi ya ƙi riƙewa. Ka canza mana wani mai ƙarfi."

Na ce, "Baba, ku gode wa Allah da bai riƙe ba. Da ya riƙe, ƴan kwana-kwana za ku kira, ba ni ba."

Wannan abu da mu a Damagaram muke kira dijonkter, ƴan'uwanmu na Kano da Katsina suke ce masa bireka, kusan kowa makunni ya ɗauke shi, irin na fitilar ɗaki, sai dai ya fi girma. Da hannu ake ɗaga shi, da hannu ake sauke shi, to me zai hana hannu ya tilasta masa zama? Amsar tana cikin cikinsa.

Tarko ne aka ɗana

Duk wanda ya taɓa ɗana tarkon ɓera ya riga ya san rabin aikin. Sa'ad da ka tura hannun dijonkter sama, abu biyu kake yi lokaci guda: kana haɗa bakin ƙarfe biyu da wuta za ta bi, kana kuma matse wani rasor, wato sifirin, mai ƙarfi da ke son raba su. Abin da ke hana rasor ɗin fizgewa wata ƴar ƙugiya ce, kamar kunamar bindiga. Ita ke riƙe da bakin ƙarfen. Hannun da kake gani a waje ta kanta yake bi kafin ya isa gare su. Da zarar wani abu ya ture ƙugiyar, hannu ya rabu da abin da yake turawa, rasor ya fizge, wuta ta yanke. Ka ɗaure shi da roba, ka danne da yatsa, ka sa ƙusa, duk ɗaya. Da gangan aka ƙera shi haka, don kada mutum ya haɗa wuta a kan lalatacciyar waya ya kuma riƙe ta a haɗe.

Hasali ma ɗaurin ne ya hana wutar gidan Baba dawowa. Ƙugiyar ba ta sake kamawa sai hannu ya sauka ƙasa sosai. Tunda roba ta hana shi sauka, tarko bai sake ɗanuwa ba.

Kafin wannan dabara, fuzibil ake sawa, ƴar siririyar waya da ke narkewa in wuta ta yi yawa. Har yau a tsofaffin gidajen Birni akwai su, an naɗe su da wayar jan ƙarfe mai kauri da ba za ta taɓa narkewa ba sai dai gida ya narke. Wani Bajamushe mai suna Hugo Stotz, a birnin Mannheim, shi ya samu takardar mallakar fasahar ƙaramin dijonkter na gida a 1924, wanda in ya faɗi sai a tashe shi, ba sai an sayi sabo ba.

To, wa ke ture ƙugiyar? Masu gadi uku ne, kowa da irin ɓarawon da yake jira.

Na farko mai haƙuri ne. Wani siririn falle ne na ƙarfe iri biyu da aka manne baya da baya. Wuta na bi ta jikinsa, yana ɗumi. Ɗaya ƙarfen ya fi ɗaya miƙewa in ya ji zafi, don haka fallen sai ya riƙa lanƙwasa a hankali, har bakinsa ya kai ga ƙugiyar ya ture ta. Wannan shi ne mai gadin lodi. Ba ya gaggawa. Bisa ƙa'idar da ake ƙera na gida da ita, in wutar da ke bi ta zarce lambar da aka rubuta a goshinsa da kashi 13 cikin 100, zai iya ɗaukar awa guda cur bai faɗi ba. In ta zarce da kashi 45 cikin 100, dole ya faɗi kafin awa ta cika. Wato mai amfiya 10 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bin waya) zai jure 11 da ɗoriya, amma a 14.5 ba zai kai awa ba. In aka ninka lodin biyu da rabi, minti guda ma ba ya cikawa.

Akwai abin da ya shafe mu musamman a nan. A ma'aunin zafi 30 ake saita wannan fallen a masana'anta. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana haura 40 a inuwa, balle a cikin akwatin ƙarfe da ke jikin katangar da rana ke duka tun hantsi. Fallen ya riga ya fara lanƙwasa tun kafin ka kunna komai. Shi ya sa kayan da dijonkter ya ɗauka lafiya lau da hunturu, su ne yake kasa ɗauka da bazara, mutane su ce ya tsufa.

Na biyu ba ya jira ko kaɗan. Waya ce mai kauri aka naɗe ta zagaye, da ɗan sandan ƙarfe a tsakiya. Wutar yau da kullum ba ta isa ta motsa sandan ba. Amma in waya mai rai ta taɓa wayar komowa kai tsaye, wato faz da nitir suka haɗu ba wani kaya a tsakaninsu, wuta kan yi tsalle zuwa ɗaruruwan amfiya. Nan take naɗin ya zama maganaɗisu mai ƙarfi, ya harba sandan ya doki ƙugiyar, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Sa'ad da bakin ƙarfen ke rabuwa, wuta kan bi iska ta yi harshe irin na mai walda. An jera wasu ƴan faranta na ƙarfe a ciki da ke yayyanka wannan harshe su sanyaya shi har ya mutu. Ƙarar "fau" da kan ji ke nan, da ɗan warin da ke biyo baya.

Na uku ba kowane dijonkter ke da shi ba. Makiyayi ne mai ƙirga: awaki nawa suka fita da safe, nawa suka dawo da yamma. Wayar zuwa da ta komowa duka suna ratsa wani zobe a ciki. Muddin abin da ya tafi shi ya dawo, zoben shiru yake. In wani kaso ya ɓace a hanya, ya bi jiƙaƙƙen bango, ko jikin firigo, wato firiji, ko jikin mutum ya shige ƙasa, ƙirga ta ƙi daidaita, sai ya ture ƙugiyar. Babban dijonkter da ke kusa da konter, irin na tsarin Faransa da muka gada, yawanci za ka ga an rubuta 500 mA a jikinsa, wato rabin amfiya. Wannan gida yake tsarewa daga gobara. Mutum kuwa tun daga wajen 10 mA hannunsa kan ƙanƙame ya kasa sakin waya, abin da ya haura 30 mA kuma in ya daɗe yana ratsa ƙirji yana iya rikita bugun zuciya. Mai tsare rai shi ne wanda aka rubuta wa 30 mA, shi kuwa sai maigida ya saya an sa masa a allonsa, wato akwatin da ake raba wutar gida. A ganina gidan da ke da yara da firigo da banɗaki mai wuta, in kuɗi ɗaya ne, gara a fara sayen wannan kafin talabijin.

Karanta goshinsa

Ko a kasuwar Dole ka saya, ko daga Kano aka kawo maka, akwai rubutu a fuskarsa. C16, alal misali. Lamba 16 amfiya ce. Ka ninka da 220, ƙarfin wutar gidajenmu, ka samu wat 3520. Iyakar kayan da ya kamata ka ɗora masa ke nan. Mai 10 kuwa wat 2200, abin da dutsen guga ɗaya da butar dafa ruwa ɗaya kan cinye su nemi ƙari. Harafin yana gaya maka inda maganaɗisu zai harba: B daga ninki 3 zuwa 5 na lambar, C daga 5 zuwa 10, D daga 10 zuwa 20. An bar wannan rata ne saboda injin firigo da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, da famfon ɗaga ruwa kan ja wuta ninki da yawa a daƙiƙar da suke tashi. Lambar da ke cikin ɗan akwati, 3000 ko 4500 ko 6000, ita ce mafi girman wutar da zai iya yankewa bai fashe ba.

Ya faɗi. Sai me?

Mataki na farko, tabbatar shi ne ya faɗi. Leƙa maƙwabta. Wutar wannan yanki daga nesa take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma can ma akwai manyan dijonkter da ke yin irin wannan aiki. In unguwa duka duhu ce, ka shimfiɗa tabarma ka jira NIGELEC, kamfanin wutar Nijar. In konter ɗinka irin wanda ake saka wa kuɗi tukuna ne, dubi abin da ya rage. Ba sau ɗaya ba na hau babur cikin rana na tarar kuɗi ne suka ƙare.

Na biyu, kafin hannunka ya kai, hancinka ya riga shi. Shinshina. In akwai ƙaurin roba, ko baƙin tabo a jikin allo, ko ka kai bayan hannu kusa ka ji zafi kamar murhu, tsaya nan, ka kira mai gyara. In babu, busar da hannu, sa silifa na roba, riƙe tocila. Kada ka tsaya kan jiƙaƙƙen siminti.

Na uku shi ne wanda mutane ke tsallakewa, alhali rabin gyaran yana cikinsa: tambayi mutanen gida yadda ya faɗi. Ni matan gida nake tambaya, don su ke wuni da kayan. "Hajiya, me aka kunna daga ƙarshe? Nan take ya faɗi, ko sai da aka jima?" Lokacin faɗuwar ne ke nuna wane mai gadi ya yi aiki. In wuta kan zauna minti goma, ashirin, rabin awa, sannan ta yanke shiru ba ƙara, musamman da azahar ko bayan magariba da kowa ya kunna nasa, lodi ne. In ana soka wani kaya ko ana danna wani makunni sai "fau", wayoyi ne suka haɗu. In kuwa yana faɗuwa ba lodi ba ƙara, bayan an sha ruwan sama, ko an wanke tsakar gida, ko da asuba lokacin raɓa, to yoyo ne zuwa ƙasa.

Na huɗu, sauke kaya. In allonka na da ƙananan dijonkter, sauke su duka. Sannan bi ɗaki-ɗaki ka zare kowane kaya daga firiz ɗinsa, wato soket ɗin bango. Zarewa na ce, kashe maɓallin jikin kayan bai wadatar ba. Maɓalli waya ɗaya yake yankewa, yoyo kuwa yana iya bi ta ɗayar, mai ƙirga ya ci gaba da ganin gibi. Kada ka manta da abubuwan da ido ya saba da su har ya daina gani: fitilar ƙofar gida, famfon tanki, cajar da ke bayan gado, wayar da aka ja wa shagon waje.

Na biyar, tashe shi. In lodi kake zargi, ba shi kamar minti biyar fallen ya huce ya miƙe, in ba haka ba ƙugiyar ba za ta kama ba, hannun ya riƙa dawowa laƙwas. Tura hannun ƙasa sosai zuwa O tukuna. Wasu, musamman manya na shago da injin niƙa, a tsakiya hannunsu ke tsayawa in sun faɗi, kuma ba sa tashi sai an kai su ƙasa an ji ƙas. Sannan ka tsaya a gefe, ka kau da fuska, da hannu ɗaya ka tura sama zuwa I, turawa ɗaya mai ƙarfi. Ban da lallaɓawa.

In babban ya ƙi zama alhali duk ƙananan na ƙasa, matsalar tana tsakaninsa da allo, ko a jikinsa. Wannan ba aikinka ba ne. Dalmar da aka liƙa masa ta kamfani ce, kuma wayoyin da ke shiga ta samansa da wuta a jikinsu ko yana kashe.

Na shida, in ya zauna, ɗaga ƙananan ɗaya bayan ɗaya, kana ɗan dakatawa tsakani. Wanda ka ɗaga wuta ta yanke, layinsa ne mai ciwo. Bar shi ƙasa, manna masa salatif don kada yaro ya ɗaga, tashi sauran gida ya samu wuta. Na san gidaje da yawa a garin nan dijonkter ɗaya tal gare su, komai a kansa yake rataye. In naka haka yake, kashe makunnin kowace fitila, zare komai, tashe shi, sannan ka bi fitilun ɗaya-ɗaya.

Na bakwai, in duk layuka sun zauna, mayar da kayan, su ma ɗaya-ɗaya. Fara da ƙanana. Wanda ya kayar da shi yana shiga, ka kama ɓarawo. Waɗanda na fi kamawa: dutsen guga da igiyarsa ta murɗe ta tsage daga gindi, ƙarfen dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti, tsohon firigo, da ralonj, wato wayar ƙarin soket, mai arha da aka taka da ƙafar gado. In ba wanda ya kayar da shi nan take, sai bayan an jima da haɗuwarsu duka, ɗauki biro. A bayan kowane kaya an rubuta wat ɗinsa. Tara su, raba da 220, gwada da lambar goshin dijonkter.

In layi ya faɗi ba komai a jikinsa, ciwon a bango yake. Na sha buɗe akwatin firiz na tarar da tsaka ta ƙone ta gantsare tsakanin wayoyi biyu. Na ga ƙusar rataye labule da ta huda waya, na ga gilashin fitilar waje cike da ruwan Agusta da matattun ƙwari, na ga inda ɓera ya gwaigwaye roba a cikin silin. Mai gyara na ƙwarai zai kashe wuta, ya raba layin gida-gida, ya auna lafiyar robar waya da na'urar da ke tura volt 500. Wanda ya zo da tasta kaɗai ya ce a canza dijonkter, ba shi kuɗin babur ya koma.

Doka ɗaya nake roƙo a riƙe: in ya faɗi da ƙara, ka tashe shi ya sake faɗuwa da ƙara, kada a yi na uku. Kowace faɗuwa irin wannan tana cin bakin ƙarfen ciki, tana kuma gasa wayar da ke bango.

Inda ake cutar kai

Canza mai 16 da mai 32 don a huta. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, don yana "aiki". Dijonkter wayar bango yake tsaro, lambarsa da kaurinta ake aunawa. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ba a wuce mata amfiya 16, mai 2.5 ba a wuce 20, mai 32 sai waya mai 6. Ka ɗora 32 a kan 1.5, waya ta yi zafi har robarta ta narke, shi yana zaune bai ga laifin komai ba. Ga kuma wayar jabu da ke yawo, alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa, in ciki fari ne, mayar wa mai shago.

Akwai kuma faɗuwar da ba lodi ba yoyo: sukurin da ke riƙe waya a bakin dijonkter ya saki. Wurin sai ya riƙa zafi, zafin ya bi ƙarfe ya shiga fallen ciki, ya lanƙwasa shi a banza. Alamarsa robar wayar ta yi baƙi ko ta bushe daf da bakin. Ɗaure sukuri ne maganinsa, amma sai an kashe na sama da shi, kuma in akwai janareto ko inbata na sola a gidan, sai an raba su, don suna iya turo wuta ta baya.

Tunda na ambaci sola: kada a sa dijonkter na wutar gari a kan wayar faranti ko batir. Wutar gari tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, tana ratsa sifiri sau 100, a nan harshen wutar ke samun mutuwa. Ta batir ba ta juyawa, harshen sai ya ƙi mutuwa ya cinye dijonkter ɗin. Akwai nata daban.

Mai ƙirga kuma yana buƙatar wayar ƙasa ta gaske, da sandan da aka kafa. Ga mai 500 mA, bai kamata turjiyar ƙasar, wato yadda take hana wuta shiga cikinta, ta wuce om 100 ba, garinmu kuwa dutse ne da busasshen rairayi, don haka a sa a auna, da rani za a auna ba da damina ba. Sannan akwai ɗan maɓalli mai harafin T a jikinsa. Danna shi kamar sau ɗaya a wata, da rana. Ya kamata wuta ta yanke nan take. In ka danna shiru, ƙurar hunturu ko tsufa sun daskarar da shi, sai a canza.

Gidan Baba kuwa, da na kwance robar na sauke hannun, na jira ya huce, tashi ɗaya ya zauna. Mai 10 ne. Na maƙala na'urar awo a waya na ce a kunna abin da aka saba. Firigo biyu na ƙanƙarar da Hajiya ke sayarwa, fanka uku, talabijin, sai ga ƴar gidan ta soka dutsen guga. Awo ya haye 14. Na nuna wa Baba lambar, na kuma jawo ralonj ɗin bayan firigo na miƙa masa, ya taɓa ya janye hannu, bakin ya narke ya manne.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To yanzu ƙanƙarar za a bari ko gugar?"

Na ce ba ko ɗaya. A mayar da guga da sassafe, a kashe firigo ɗaya in za a yi ta, in kuma sana'ar ta kankama a je ofishin kamfani a nemi ƙarin amfiya, ni kuma in ja wa firigon layinsu da waya mai 2.5. Hajiya daga bayan labule ta ce layin za a ja, ita ba ta kashe firigo ana saura kwana kaɗan azumi. Ranar Asabar na dawo na ja. Robar kuwa na tarar jikan Baba ya yi danƙo da ita, yana harbin ƙadangaru a kan katanga.